Waƙar Masu Takaba ta Gwaggo Hansai

Da sunan Allah nake buɗewa, Shi da Ya hore mana harshe da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta.

Rabi, ɗiyar ƙanena, malamar firamare ce a nan Dutsin-Ma. Ita da abokan karatunta suna da wani zaure a cikin waya. Kullum da safe ɗayansu zai sa baiti biyu ko uku na wata tsohuwar waƙa, ya rubuta abin da ya fahimta a ƙasa, saura su yi ta sa albarka. Wata rana ta same ni a rumfata ta ce, “Baba, ai kai aikin gida ya same ka. Kullum ka ba mu guda, ka faɗi kalma biyu a kanta, shi ke nan. Mene ne abin wuya a ciki?”

Na ce mata to, kuma ina ba su. Amma tun da sun ɗauka ɗauko waƙa kamar ɗauko tulu ne daga gindin randa, na ga ya kamata in rubuta musu yadda sana'ar take. Da ajami nake rubutawa, Rabi ce za ta juya musu shi zuwa boko. Zan kuma gaya musu labarin waƙa ɗaya da suka nema na kasa ba su, alhali takardarta tana cikin gafakata, ko wasali ɗaya bai goge ba.

Aikin da na fara yi wa Malam Ilu, mai sayar da waƙoƙi a kasuwar Kurfi, shi ne dafa tawada. Ba irin ta allo ba, wadda ake wankewa. Ta takarda daban take. A jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a dafa a tsohuwar tukunya har ruwan ya yi baƙi wuluk, a tace da tsumma, a jefa ƙaro don ta kama takarda. In ƙaro ya yi yawa sai shafi ya manne da ɗan'uwansa, in ya yi kaɗan rubutu ya bi yatsan mai karatu. Ranar da na kai masa ta farko ya tsoma alƙalami a kurtu, ya ja layi, ya dube ni ya ce, “Sale, wannan tawada ce ko ruwan wankin tukunyar uwarka?” Masu awon hatsi da ke kusa da mu suka yi ta dariya har azahar.

Daga nan sai fiƙe alƙalami. Gamba ake nema wadda ta ƙosa ta bushe a tsaye, a karkace bakinta, a tsaga shi ɗan kaɗan. Akwai wani ɗan katako da Malam ya ɗaura wa zare jeri-jeri. Sai a ɗora takarda a kai a bi da babban yatsa, layi ya fito ba tare da an zana shi ba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja. Na yi damina da rani ina wannan kafin ya bari in kwafi baiti ɗaya da za a ba wani.

Duk wannan share fage ne. Ainihin sana'ar ita ce waƙar yini. Kullum da hantsi Malam yakan zauna gindin tsamiya ya rera waƙa guda, ya riƙa tsayawa yana ɗan bayani, masu so su nemi takardarta. Amma bai taɓa zaɓenta tun daga gida ba. Sai ya zaga kasuwa tukuna, ya gaisa da mahauta, da masu goro, da Fulani masu nono, ya ji abin da gari ya kwana da shi. Wata safiya na riga na fito masa da waƙar da ke siffanta azabar kabari, don ita mutane suka fi nema. Ya dawo daga zagayensa ya ce, “Mayar da ita. Ba ka ga Sarkin Fawa ya fito ba wuƙa a hannu ba? Jiya ya kai ɗansa makwanci. Ɗauko mana ta rahama.” Ya rera ta rahama bai ko dubi wajen mahauta ba. Sarkin Fawa ya zo ya tsuguna a bayan taro, da aka shafa fatiha ya tashi ya koma ya buɗe rumfarsa.

Bayanin ma da ƙa'idarsa. Malam yakan ce bayani gishiri ne, waƙa ce miyar. Kada maganarka ta fi baitin tsawo, kuma ka ɗauko ta daga abin da mai sauraro ke iya taɓawa da hannunsa. In baiti ya yi zancen awon ayyuka ranar gobe, ba ya nisa, sai ya ce, “Jama'a, can babu mai danna gindin mudu da babban yatsa.” Alhaji Mani mai awo ya taɓa ɗaga murya ya ce, “Malam, da ni kake?” Malam ya ce, “Alhaji, ni da waƙa nake. Amma in ta gan ka ta gaishe ka, ai sai ka amsa.”

Ku da kuke sa baiti a waya, ba ku ganin fuskar wanda zai karanta. Ba ku san wanda ya kwana da gawa ba, ba ku san wanda aka yi wa haihuwa ba. Ba zargi nake yi ba, haka abin yake.

Babbar ƙa'ida kuwa, takarda ba ta barin tabarmarmu sai an ɗora wa mai ita kari. Kowace waƙa da karin muryarta, inda ake ja, inda ake saukewa, inda masu amshi ke shigowa. Wannan ba ya rubutuwa. Daga baki ake karɓarsa, kamar yadda shi ma Malam ya karɓa. Bayan rasuwar Malam, lokacin da na dawo Dutsin-Ma da zama ina zuwa Kurfi ranar kasuwa kawai, akwai wani masunci daga Zobe, ana ce masa Ɗanladi. Ya ɗauki wata waƙar bege zai sa a aljihu, na riƙe hannunsa na ce zauna. Na ja ya bi, na ja ya bi. Muryarsa kamar ana jan kwalekwale a kan tsakuwa. Na ce, “Ɗanladi, in ka rera haka a bakin ruwa kifi zai yi hijira.” Ya ce, “Malam, ai shi ya sa nake so. Su gudo daga tsakiya su faɗa komata.” Kasuwa bayan kasuwa yana zuwa har ya riƙe ta. Muryar ba ta gyaru ba, amma karin ya zauna daidai, kuma shi ake nema.

Waƙa ɗaya ce kawai muke bayar da takardarta ba kari, domin mu ma ba mu da shi. Ita ce ta masu takaba. Ba a rera ta a kasuwa, ba a rera ta a gaban maza. Wadda ke riƙe da karinta ita ce Gwaggo Hansai, ƙanwar Malam, da ke aure a wani ƙauye a yankin Barkiya. In mace ta rasa miji, aka yi sadaka, 'yan gaisuwa suka watse, gida ya yi shiru, a lokacin Gwaggo takan zo da hantsi. Matan unguwa su kewaye mai takaba. Gwaggo ta ja baiti, mata su amsa, a ƙarshen kowane kashi kuma akwai amshi ɗaya da mai takaba ke yi ita kaɗai. Waƙar ba ta tsoratarwa. Bin ɗaki take yi abu bayan abu, buzun salla da babu mai hawa, butar da ba a ƙara cikawa, akushin da aka kife, tana nuna wa mace cewa Wanda Ya karɓa yana nan bai tafi ba.

Na taɓa tambayar Malam me ya hana shi riƙe karin. Ya ce, “Hansai wajen uwarmu ta karɓa. Namiji in ya rera ta sai ta koma wa'azi, ita kuwa rarrashi ce.” Saboda haka in tsohuwa ta zo neman takardar, sai in ba ta in ce, “Iya, sauran yana wajen Gwaggo.” Kuma ba a koyonta a zaune haka kawai. Mace takan bi Gwaggo gidajen takaba tana amshi shekara da shekaru, har wata rana a ce mata ta ja. A haka Gwaggo ta samu mata da dama a ƙauyukan nan da ke iya riƙe mata.

Sana'ar ta ga canji iri-iri ban damu ba. Bugun inji ya zo, muka riƙa sarowa muna haɗawa da namu na hannu. Kaset ya zo, ya wuce. Injin kwafi ya zo, ya hutar da yatsuna. Waya ta zo, masu zama gindin rumfa suka ragu, amma tsofaffi ba su daina ba. Abin da ya karya mu ba na'ura ba ce.

Shekarar da mutanen daji suka tsananta, hanyoyin ƙauye suka zama ba a binsu sai da addu'a a baki. Kasuwa takan ci da fargaba ta watse kafin azahar. Babu mai son a gan shi cikin taro a zaune, kowa ya sayi gishirinsa ya hau babur. Nakan yi zagayen da Malam ya koya mini, in gaisa da rumfa rumfa don in san waƙar da ta dace. Sai na tarar babu sauran zaɓi. Wannan an kashe masa wa, wancan an tafi da matarsa, wancan an kore shanunsa kaf, wancan gonarsa tana can a Ɗantutture gero ya nuna ba mai yankewa. In na ɗauko ta rahama yau, gobe ma ita, jibi ma ita. Wata rana na rera ta tun daga farko har ƙarshe, na ɗaga kai, ba kowa a gabana sai akuya tana cin ɓawon rake. Na shafa fatiha ni kaɗai.

Takarda ɗaya ce ake nema a shekarar, ta masu takaba. Na kwafe ta har na daina duba asali. Tsofaffin mata su zo su karɓa su tafi, ba ciniki, ba hira. Gwaggo kuwa ana ta ɗaukarta a bayan babur daga wannan gida zuwa wancan, da tsufanta. Matan da ke riƙe mata amshi suka warwatse, wasu Katsina, wasu Kano, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Daga ƙarshe ƙauyensu ma ya tashi. Ta zo Dutsin-Ma ta sauka a ɗaki ɗaya wajen ɗiyarta, a bayan tasha.

Na je gaishe ta. Na tarar ta zama 'yar mitsitsiya a kan tabarma, carbi a hannu. Bayan mun gaisa na ce, “Gwaggo, mata na ta tambayata inda kike.”

Ta ce, “Ka ce musu ba ka gan ni ba, Sale.”

“Subhanallahi. Ina ni ina ƙarya da furfurata?”

“To ka ce musu maƙogwaro ya rufe.” Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ce, “Gidan ƙarshe da na je, ka san wurin da mai takaba ke amsawa ita kaɗai? Da na kai nan sai na ji murya uku. Uwa, da ɗiyarta, da matar ɗanta, a tabarma guda. Ba a yi waƙar nan don haka ba. Tun ranar ban ƙara buɗe baki da ita ba.”

Ban matsa mata ba. Aka ɗauki lokaci a haka.

Da Rabi ta fara karɓar waƙar yini a wajena, wata rana tana taya ni jera takardu sai ta ci karo da ita. Ta iya ajami daidai gwargwado, ta karanta a hankali. Ta ce, “Baba, wannan za mu sa gobe. Rera mini in ɗauka.” Na gaya mata abin da ke nan. Ba ta tsaya jayayya ba, ta ce in kai ta wajen Gwaggo.

Muka je. Rabi ta durƙusa ta gaishe ta, ta fito da waya ta ce, “Gwaggo, so muke ki rera mana waƙar nan ko sau ɗaya, mu adana, kada ta ɓace.”

Gwaggo ta ce, “Wa ya rasu?”

“Babu kowa, Gwaggo. Ajiyewa kawai za mu yi.”

“Ke ɗiyar nan, kina da miji?”

“Ina da shi.”

“Yana lafiya?”

“Lafiya lau, yana wajen aiki.”

“To ki bar shi ya dawo gida lafiya. A zauna a rera waƙar takaba a gaban matar aure, ba gawa ba makoki? Sale, kai ma da girmanka ka rako ta?”

Na ce, “Gwaggo, in ba ki ba wani ba, wa zai ba na baya?”

 Can ta ce wa Rabi, “In da gaske kike, hanya ɗaya ce, wadda na bi. Ki bi ni gidan takaba ki zauna ki yi amshi. Wannan abin kuma ki bar shi a gida. Mai takaba ba a ɗaukar kukanta a kai wa duniya.” Rabi ta mayar da wayar cikin jaka ta ce ta yarda.

Gidan takaba bai yi wuyar samu ba. A cikin waɗanda suka gudo akwai wata yarinyar mace daga yankin Ɗantutture da aka kashe mijinta a gona. Ranar Asabar da hantsi muka ɗauki Gwaggo a Keke mai ƙafa uku. Ni na zauna a waje, a kan dakali, bango tsakanina da su. Na ji ta yi basmala, ta yi gyaran murya, ta ja baitin farko. Muryar ta sirance, amma karin na nan, yana hawa a hankali ya sauko kamar mai sauke tulu daga kai. Ta kai wurin amshi.

Shiru.

Matan da ke ɗakin kowace daga garinta ta fito, yawancinsu yara ne, ba wadda ta taɓa ji. Na jiyo Rabi tana karanto kalmomin amshin daga takarda, a miƙe, kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Gwaggo ta ce, “A'a, ɗiyata. Saurara.” Ta yi amshin da kanta, ta koma ta ja, ta sake amsa wa kanta. Mai ja takan huta ne a lokacin da ake amsa mata. Da babu masu amsawa, numfashi ya ƙare mata tun ba a yi nisa ba. Tari ya sarƙe ta. Da aka fito da ita tana dafe da kafaɗar Rabi ta ce mini, “Waƙar nan ba ta tafiya da ƙafa ɗaya, Sale.”

Duk da haka ba su fasa ba. Duk Asabar ɗin da jikin Gwaggo ya yarda sukan je wani gida. Rabi ta riƙe amshi sarai, har ta koya wa wasu mata biyu. Amma ja bai samu ba. Kuma a kashin ƙarshe, inda waƙar ke barin ɗaki ta juya ga Ubangiji, karin yakan sauya gaba ɗaya. Ko sau ɗaya numfashin Gwaggo bai kai su can ba. Kullum sai ta ce, “Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.” Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar wata Alhamis aka yi mata sutura. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Bayan kaka sai ga wasu tsofaffin mata a rumfata. Ɗaya ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda a naɗe, ta yi laushi don tsufa. Rubutuna ne, tun na ƙuruciya. Suka ce Iya Abu ce ta aiko su, wata tsohuwa 'yar ƙauyen su Gwaggo, mijinta ya rasu a nan gudun hijira. A da ita ma tana cikin masu amshi, ta raka Gwaggo gidaje ba adadi. Yau abin ya zo kanta, tana so a yi mata.

Na ce, “Iya, ai kun san ba ni da karin.”

Babbarsu ta ce, “Malam, kai ka rubuta. In ba kai ba, wa?”

“Rubutu daban, rerawa daban. Kuma ni namiji ne.”

“Mun sani. Mun zaga garin nan kaf. Ka zo ko daga bayan asabari ne.”

Na aika aka kira Rabi. Washegari da hantsi muka je. Gidan kango ne da ba a gama ginawa ba, an rataya buhu a madadin ƙofa. Aka shimfiɗa mini tabarma a waje, mata suna ciki. Na buɗe takarda na yi basmala. Ban ƙirƙiro kari ba, don ba a yi wa waƙar mutane ƙarya. Na karanta baitin farko a miƙe, a hankali, yadda kowa zai ji. Rabi da matan nan biyu suka amsa da karin Gwaggo, daidai, ba kuskure. Na karanta na biyu, suka amsa. Muka wuce buzun salla, muka wuce buta. Muka kai wurin da mai takaba ke amsawa ita kaɗai, na tsaya ina jira.

Ba ta amsa ba. Na ba ta lokaci, na maimaita baitin. Sai na ji muryarta daga bayan buhun, ba kuka a ciki, ba faɗa.

“Malam Sale.”

Na ce, “Na'am, Iya.”

“Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan mahaifa. Bar shi haka nan. Ba ita ba ce.”

Na naɗe takardar. Muka yi wa mamaci addu'a, muka shafa, na nemi takalmana.

Allah Ya gafarta wa Malam Ilu da Gwaggo Hansai da waɗanda suka ba su. Ya ba masu takabar ƙasar nan haƙuri daga wajenSa, tun da namu rarrashin ya ƙare. Tammat, da godiyar Allah.